Bonet Ɗin Babu Suna

Wasiƙa ashirin da bakwai na rubuta,
ni Issifu, mai gyaran kafireta a Magazin ɗin Suame.
Na wanke hannu da kananzir sau uku
kafin in taɓa takarda,
amma baƙin mai ya san hanyar farce,
ya buga hatiminsa a kusurwar kowace.

A Adum, hawa na huɗu,
manaja ya karanta layi biyu ya ɗago:
"Tseren mota? A Kumasi?
Ai direbobin tirotiro na yin sa kullum, kyauta."
Na taya shi dariya, tunda shi ke kan kujera.

Bai ga motar ba.
Tsohuwar tasi ce da ta mutu a Tafo,
inji daga wata gawa, giya daga wata,
bututun famfo muka lanƙwasa ya zama haƙarƙarinta.
Nasiba ke tuƙa ta, 'yar ƙanena,
wadda ke jin ciwon fistin da kunne
tun mota na bakin titi.

Da manya suka rufe ƙofa
sai na yi mata yadda mahauci ke yi wa sa:
na kasa ta tsoka-tsoka.
Hajiya Memuna mai wake da shinkafa ta sayi ƙofar hagu,
sidi ɗari uku da abincin rana na mako,
ta ce a rubuta har da taliya da ƙwai.
Kwabena mai aski ya ɗauki madubi biyu.
Opanyin Boakye mai faci ya ba da taya huɗu,
uku daga ciki 'yan uwa ne.
Mai ƙera akwatin gawa na Asafo ya nemi but,
ya ninka kuɗi.
Nasiba ta ce, "Baba, ba ina ciki ba."

Bonet kaɗai ya rage, fari fat,
na ce wannan sai babban kai.

Mun manna takardu a Kejetia da dare,
kafin asuba sanarwar jana'iza ta rufe su.
Sai muka ɗaura lasifika a babur mai ƙafa uku,
Aboabo, Asawase, Sabon Zongo,
ni da Hausa, Kwabena da Tuwi,
har muryata ta koma ta tsohon salansa.

Asabar ta zo da ruwan daren jiya.
Tsohon filin katako a hanyar Offinso
ya zama jan kunu.
Mota tara. Igiya ce shinge.
Na ƙirga 'yan kallo, sittin, na daina don kunya.
Can bayan azahar sai ga su,
masu baƙin zane da ja, an tashi daga makoki,
sun ji rugugi sun ratso ciyawa.
Wata tsohuwa da hawaye bai bushe mata ba
ta hau kututture tana ihu wa lamba bakwai.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji mutanen da.
Su zo su faɗa wa Nasiba a kwana ta uku,
inda ta bar bayan mota ya zame
kamar mai share tsakar gida.

Ta zo ta uku.
Laka ta shafe ƙofar hagu,
Hajiya Memuna ta tsallake igiya da gudu,
tana goge sunanta da mayafin Makka
kafin masu hoto su iso.

Ina ɗaure waya a salansa
wani mai kwat ya tsaya kaina,
takalminsa ya sha jan kunu har idon sawu.
Ya ɗora tafi a kan bonet, ya janye, da zafi.
"Nawa ne nan?"

Na ce ya same ni a Magazin ran Litinin,
bayan rumfar mai walda.
Ya taho da wasiƙa.